Shaf Mai Kogo da Cikakken Shaf: Wanne Ya Fi Ƙarfi, Wanne Ya Fi Sauƙin Nauyi?

Shaf shi ne sandar ƙarfe mai juyawa da ke kai juyi daga inji zuwa wani ɓangare. Tambayar da aka aiko ita ce: "Na sha jin ana cewa shaf mai kogo, wato mai rami a tsakiya kamar bututu, ya fi cikakken shaf ƙarfi, alhali bai kai shi nauyi ba. Ta yaya abin da aka rage wa ƙarfe zai fi wanda ba a taɓa ba? In kuwa gaskiya ne, me ya hana a daina ƙera cikakku baki ɗaya?"

Shakkar mai tambaya tana kan hanya, domin maganar da ya ji rabinta aka faɗa, aka bar rabi. Rami ba ya ƙara wa ƙarfe ƙarfi ko kaɗan. Idan aka ɗauki sanduna biyu masu faɗi ɗaya, na ƙarfe iri ɗaya, aka huda ɗaya aka bar ɗaya, to wadda aka huda ta ragu, kuma babu lissafin da zai juya wannan. Abin da yake gaskiya shi ne, ƙarfen da ke tsakiyar shaf nauyinsa ya fi aikinsa yawa nesa ba kusa ba, saboda haka idan aka kwashe shi daga can aka mai da shi gefe, shaf ya ƙara faɗi, sai a sami ƙarfi mai yawa da nauyin da bai canja ba. Ribar ba daga ramin take fitowa ba, daga nisan da ƙarfen ya yi da tsakiya take fitowa. Don haka duk wanda ya ce wannan ya fi wancan, sai a fara tambayarsa abin da ya daidaita tsakaninsu: faɗi ne, ko nauyi, ko kuwa aikin da za su ɗauka? Kowanne da amsarsa daban.

Aikin shaf shi ne ɗauko juyi daga inji ya kai shi wani wuri, kuma a cikin wannan aiki murɗa shi ake yi: inji yana juya wannan kai, kayan da ake ja suna turjewa a ɗaya kan. Idan aka ja layi miƙaƙƙe a jikin shaf kafin a ɗora masa aiki, za a ga layin ya ɗan karkace bayan an murɗa. Layin da ke can tsakiyar shaf kuwa ba ya karkacewa sam, domin a kansa komai yake juyawa. Ke nan wahalar da ƙarfe yake sha sifili ce a tsakiya, tana ƙaruwa daidai gwargwadon nisa, har ta kai matuƙa a fatar waje. Ƙarfen da ke rabin hanya tsakanin tsakiya da fata rabin wahalar fata kawai yake ɗauka. Charles-Augustin de Coulomb na Faransa ya auna murɗar siraran wayoyi a 1784, ya gano cewa turjiyarsu tana bin faɗinsu ne idan aka ninka shi da kansa sau huɗu, wato faɗi sau faɗi sau faɗi sau faɗi, kuma a kan wannan aka gina lissafin da injiniyoyi suke amfani da shi har yau ga sanduna masu siffar da'ira.

Wannan ninki huɗu yana da dalili da ya kamata a tsaya a fahimta, domin shi ne zuciyar maganar. A ɗauki yankan shaf a matsayin zobba siri-siri, wani cikin wani. Zoben da ya fi nisa da tsakiya yana da fifiko ta fuska uku. Na farko, ya fi shan wahala, wato ya fi ba da turjiya. Na biyu, turjiyar tasa tana da dogon hannu, kamar yadda tura ƙofa daga wajen mariƙi ya fi tasiri a kan tura ta daga kusa da maƙalarta. Na uku, zoben ya fi girma, ƙarfen da ke cikinsa ya fi yawa. Kowanne cikin ukun nan yana ƙaruwa da nisa, idan kuma aka tara gudummawar zobban gaba ɗaya sai ninki na huɗu ya fito. Nauyi kuwa fuska ta uku kaɗai ya sani, yawan ƙarfe, shi ya sa yake bin faɗi sau faɗi kawai. A rubuce, idan D shi ne faɗin waje, d kuma faɗin kogo, tsaurin shaf wajen murɗa yana bin D⁴ − d⁴, ƙarfin murɗar da zai iya ɗauka yana bin wannan adadi idan aka raba shi da D, nauyinsa kuma yana bin D² − d².

Yanzu sai kwatanci na farko, inda faɗin waje yake ɗaya. A ɗauki cikakken shaf na baƙin ƙarfe mai faɗin milimita 50. Da yake kowace mita kubik ta wannan ƙarfe tana da nauyin kilo 7,850, mita ɗaya ta shaf ɗin za ta kai kilo 15.4. Idan aka ƙayyade cewa wahalar fata kada ta wuce megafaskal 60 (ma'aunin wahalar ƙarfe ke nan), zai ɗauki murɗa ta kimanin niyuton-mita 1,470 (ma'aunin murɗa ke nan), wanda a gudun juyi 1,000 cikin minti ya kama kilowat 154. A huda masa rami mai faɗin milimita 25, rabin faɗinsa. An cire kashi 25 cikin ɗari na nauyi, amma ƙarfin da aka rasa kashi 6.25 ne kacal, wato ɗaya bisa goma sha shida. A faɗaɗa ramin zuwa milimita 30, nauyi ya ragu da kashi 36, ƙarfi ya ragu da kashi 13. A kai shi milimita 40, nauyi ya ragu da kashi 64, ƙarfi da kashi 41. A nan ana iya ganin abu biyu. Cikakken ne yake kan gaba a kowane mataki, babu inda mai kogo ya kamo shi. Sannan kuma ramin farko kusan kyauta ne, amma yayin da ya matso kusa da fata sai asarar ta fara tsada, domin an fara taɓa ƙarfen da yake aikin gaske.

Kwatanci na biyu shi ne asalin maganar da mai tambaya ya ji. A bar nauyi yadda yake, kilo 15.4 a kowace mita, amma a sake wa ƙarfen siffa. Idan aka mai da shi bututu mai faɗin waje milimita 62.5 da kogo milimita 37.5, ƙarfen bai ƙaru ko da giram ɗaya ba, amma murɗar da zai ɗauka ta ninka sau 1.7, tsaurinsa kuma ya haura ninki biyu. Idan aka ƙara buɗe shi, faɗin waje ya zama milimita 83.3, kogo milimita 66.7, bango mai kaurin milimita 8.3, ƙarfinsa ya ninka sau 2.7, tsaurinsa fiye da sau huɗu da rabi. A wannan ma'ana kaɗai ya halatta a ce mai kogo ya fi cikakke ƙarfi, kuma farashin da aka biya shi ne wuri, domin shaf ya yi ƙiba.

Kwatanci na uku shi ne wanda mai zana inji yake yi a zahiri, tunda shi aikin da za a ɗauka ne a gabansa, ba nauyi ba. Ana buƙatar niyuton-mita 1,470 ɗin nan, to wane shaf ne zai ɗauke ta da ƙarancin ƙarfe? Shaf mai faɗin milimita 52.4 da kogo milimita 31.4 zai yi aikin da kilo 10.8 a mita, an rage kusan kashi 30 cikin ɗari ta hanyar ƙara faɗin da bai kai milimita biyu da rabi ba. Mai faɗin milimita 59.6 da kogo 47.7 zai yi shi da kilo 7.9, kusan rabin nauyin farko. A ganina wannan shi ne adadin da ya fi cancanta a riƙe, saboda yana nuna cewa ƙarin faɗi kaɗan ne yake sayen ragin nauyi mai yawa.

Ya kamata a raba ƙarfi da tsauri, domin mutane da yawa suna haɗa su. Ƙarfi shi ne yawan murɗar da shaf zai ɗauka kafin ya lalace, tsauri kuwa shi ne ƙanƙantar karkacewar da yake yi yana cikin aiki lafiya. Cikakken shaf ɗinmu, a ƙarƙashin niyuton-mita 1,470, yana karkacewa da digiri 1.7 a kowace mita, mai faɗin 59.6 kuwa digiri 1.4, duk da cewa ƙarfinsu ɗaya ne. Muhimmancin wannan shi ne, ana iya ƙara wa ƙarfe ƙarfi ta hanyar gauraya shi da wasu sinadarai ko gasa shi da tsoma shi, amma hakan kusan ba ya taɓa tsaurinsa: ma'aunin tsaurin murɗa na baƙin ƙarfe yana nan wajen gigafaskal 80, ko mai arha ne ko mai tsada. Wanda matsalarsa ita ce shaf yana karkacewa da yawa, sayen ƙarfe mafi inganci ba zai fisshe shi ba. Siffa ce kawai za ta fisshe shi, kuma a nan bututu yake da babbar daraja.

Lanƙwasa ma haka take, domin a can ma fata ce take shan wahala, tsakiya tana hutawa, kuma adadin D⁴ − d⁴ ɗin nan shi ne yake mulki. Galileo, masanin kimiyya na Italiya, ya yi bayanin wannan tun 1638, inda ya nuna cewa ƙasusuwan tsuntsaye da karan tsirrai masu kogo sun fi juriyar karyewa a kan cikakku masu nauyi da tsawo irin nasu. Amma idan jan sanda ake yi ta tsawonta, babu wata riba ko kaɗan, saboda kowane ɓangare na yankan yana ɗaukar rabo daidai, yawan ƙarfe ne kawai abin lissafi.

Akwai kuma wani dalili da ya fi ƙarfi da nauyi tasiri a wasu injuna, wanda tambayar ba ta taɓo ba, shi ne gudun juyi. Babu shaf da ya miƙe sarai, kuma babu wanda nauyinsa ya zauna daidai a tsakiya ɗari bisa ɗari. Idan yana juyawa, wannan ɗan bambanci yana fizgar sa gefe, kuma akwai wani gudu da idan aka kai shi, fizgar tana dacewa da karkarwar da shaf ɗin yake yi bisa ɗabi'arsa, sai ya fara wulwulawa kamar zai tsinke, wani lokaci ya tsinke ɗin. William Rankine na Sikotilan ya yi nazarin wannan a 1869. Gudun da abin yake faruwa ya dogara ne da tsaurin lanƙwasa idan aka auna shi da nauyin shaf ɗin kansa, yana kuma faɗuwa da sauri idan tsawo ya ƙaru: a ninka tsawo biyu, gudun ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Cikakken shaf mai milimita 50 da tsawon mita ɗaya da rabi, wanda aka tallafe a kawunansa biyu, zai shiga wannan hali a wajen juyi 2,700 cikin minti, gudun da injin mota yake wucewa kullum. Bututu mai faɗin milimita 75 da bango milimita 3 kuwa sai ya haura juyi 5,400, yana ɗauke da kashi 96 cikin ɗari na murɗar da cikakken yake ɗauka, da nauyin kilo 5.3 a mita, kusan sulusin na farko. Wannan ne ya sa dogon shaf da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya na mota bututu ne, kuma shi ya sa a dogayen motoci ake raba shi biyu a sa boris, wato zoben da shaf yake zama a ciki yana juyawa, a tsakiya. Abin lura a nan shi ne, ko da faɗin waje ɗaya ne, mai kogo ya fi cikakke jure gudu, domin ƙarfen tsakiya nauyi yake ƙarawa fiye da tsauri. Wannan ne wuri guda da huda rami kaɗai, ba tare da ƙara faɗi ba, yake inganta shaf.

Wani lokaci kuma ramin kansa ake so. A injin jirgin sama mai fanka, shaf ɗin da ke juya babbar fankar gaba yana ratsawa ne ta cikin wani shaf mai kogo da ke juyawa da gudu daban, kuma a manyan injunan Rolls-Royce irin su RB211 da Trent shaf uku ne, wani cikin wani. A jiragen ruwa masu farfelar da ake iya sauya kwanciyar fukafukanta, bututun mai yana bi ta cikin shaf. A jiragen ƙasa masu gudun gaske na Japan da Jamus ana huda sandunan da ke riƙe ƙafafu, ana kuma zura na'urar sauti ta cikin ramin don neman tsagewa ba tare da an kwance komai ba.

To me ya hana a daina ƙera cikakku? Lissafin da ya gabata yana iya ruɗar mutum ya ɗauka cewa duk yadda aka faɗaɗa bututu aka sirance bangonsa, riba ake ci. A takarda haka ne, a ƙarfe ba haka ba ne. Idan bango ya sirance da yawa, ba ya jira wahala ta kai iyakar ƙarfen, sai ya yamutse, ya yi ƙunji a karkace, shaf ya durƙushe farat ɗaya. Ɗan bugu da zai bar tabo kawai a jikin cikakke yana iya lotsa bututu, lotsawar kuma ta zama mafarin yamutsewa, ta kuma ɓata daidaiton juyi. Milimita ɗaya da tsatsa ta ci ba komai ba ce a jikin shaf mai milimita 50, amma sulusin bango ce a bututu mai kaurin milimita 3, kuma idan ta ciki take ci, ido ba zai gani ba.

Abu na biyu, wanda nake ganin an fi yin sakaci da shi, shi ne ajiyar ƙarfi. Idan aka ɗora wa cikakken shaf na ƙarfe mai laushi murɗar da ta wuce kima, fatarsa ce take fara sallamawa, amma ƙarfen ciki, wanda muka ce yana hutawa, sai ya karɓi aikin, har shaf ɗin ya iya ɗaukar ƙarin kusan sulusi kafin ya sallama gaba ɗaya. Yakan murɗe a gani, a tsai da inji. Bututu mai milimita 75 da bango 3 ajiyarsa kashi 4 cikin ɗari ce kawai, saboda duk ƙarfensa yana aiki kusa da iyaka tun farko. Ingancin da ake yaba masa da shi, shi ne kuma ya hana shi abin da zai kare kansa ranar da aiki ya zo da fizga. Ga injunan da ke gamuwa da cijewa ba zato, irin masu niƙa dutse, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Na uku shi ne wurin haɗi. Shaf ba ya aiki shi kaɗai, sai an ɗaura masa giya, an zaunar da shi a boris, an yanka masa tsagar da ake sa ɗan ƙarfen da ke hana giya zamewa, ko an fiƙe masa haƙora a kai. Duk waɗannan fata suke ci, inda ƙarfen ya fi shan wahala, kuma a gefen irin waɗannan yanka ne gajiyar ƙarfe take fara tsaga, kamar yadda August Wöhler ya nuna a gwaje-gwajensa kan sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus cikin shekarun 1850 da 1860. Tsaga mai zurfin milimita 5 cikakke zai haɗiye ta, bututu siriri kuwa ba shi da naman da za a yanka. Idan har yankan ya ratsa bango ya bi tsawon bututun, asarar ta wuce misali, domin ƙarfin bututu wajen murɗa ya dogara ne da kasancewarsa rufaffen zobe: bututunmu mai milimita 75, idan aka tsaga shi daga kai zuwa kai, tsaurinsa yana faɗuwa fiye da sau 400, alhali ba a cire masa wani ƙarfe na a zo a gani ba. Shi ya sa ake yi wa bututun mota walda da cikakkun kawuna, a bar haɗin ya faɗa a kansu.

Sai batun wuri da kuɗin ƙira. Shaf mai ƙiba yana buƙatar babban boris, babban abin tare mai, da babban gida, kuma nauyin waɗannan yana iya cinye abin da aka rage. Huda dogon rami miƙaƙƙe aiki ne mai ɗaukar lokaci, kuma ƙarfen da aka kwashe an riga an saye shi. Bututu marar ɗinki, wanda 'yan'uwan nan Reinhard da Max Mannesmann suka samo hanyar murza shi a Jamus a tsakiyar shekarun 1880, ya sauƙaƙa lamarin, amma kaurin bangonsa ba ya zama ɗaya cif a kowane gefe, don haka sai an daidaita shi kafin ya yi gudu. Akwai ma wani abu da yake ba mutane mamaki: shaf mai kogo da ya yi daidai da cikakke a ƙarfi, duk da sauƙin nauyinsa, ya ɗan fi wuyar tayarwa da tsayarwa wajen juyi, saboda ƙarfensa ya fi nisa da tsakiya. Ga mai milimita 59.6 ƙarin ya kai kusan kashi 19 cikin ɗari.

Saboda haka, a injin da ke zaune wuri ɗaya, mai gajeren shaf, marar gudu sosai, wanda aka jera wa giya da boris, cikakke ne zaɓin hankali, domin 'yan kilo da za a rage ba su da wanda za su amfana. A inda shaf yake da tsawo, ko yake gudu, ko ake ɗauke da shi a mota ko jirgi, mai kogo ne. Shawarar da zan fi jaddadawa ga mai gyara ita ce, kada ya maye gurbin cikakken shaf da bututu mai faɗi ɗaya yana zaton ya ƙara ƙarfi, kada kuma ya maye gurbin bututun asali da cikakkiyar sanda yana zaton ya ƙara aminci, domin a dogon shaf mai gudu hakan yana sauko da gudun wulwulawa ne zuwa cikin gudun da injin yake aiki. Kafin kowane canji, a san murɗa mafi girma da za a gamu da ita har da ta lokacin tayarwa, a san tsawo tsakanin boris da boris, a san gudun juyi mafi girma, sannan a lissafa D⁴ − d⁴ na tsohon shaf da na sabon a kwatanta, a kuma duba ko kaurin bangon da ya rage a ƙarƙashin kowace tsaga zai isa.